Kwanon Bappa Manu a Ɗakin Ciki

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, ƙarfe 4:20 na yamma

Ina zaune a kan benci bayan ɗakin magani, minti ashirin da tashi daga aiki. Yau kwanana ashirin da biyu da fara aikin jinya a sashen maza na asibitin masu taɓin hankali da ke wajen garin Mafara. Marasa lafiya goma sha bakwai ne, ƙofofin ƙarfe biyu, ba mai fita sai da sa hannun likita. Likitar, Dakta Taibatu, daga Gusau take zuwa, ranar Alhamis ta ƙarshen kowane wata.

Mutum sha huɗu suna babban ɗaki. Su ana fitar da su tsakar gida awa biyu da hantsi, suna da tabarma ƙarƙashin dogonyaro da rediyo guda. Mutum uku suna ɗakin ciki. Su ba tsakar gida, ba takalmi, ba carbi saboda zarensa, taga ɗaya can sama, kuma abinci a gaban mai gadi ake ci, a kwashe kwano nan take.

Da ƙarfe tara na ɗora Bappa Manu a sikeli. Bafulatani ne daga Tsibiri ta ƙasar Maradun, zai yi shekara sittin, 'yan sanda suka kawo shi a watan Agusta bayan ya rasa shanunsa, hankalinsa ya gushe a kasuwa. Kilo 53 da rabi. Ranar 19 ga Satumba kilo 58 ne. Na sauke shi na sake ɗora shi, haka ya nuna.

Na kai wa Malam Ɗan Juma, shugaban sashenmu. Bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

"Malam Takarda, mi kuma ka gano?"

Na faɗa masa.

"Ciwo nai na. Rubuta ya ƙi ci."

Na rubuta. Amma mutum ba ya zubar da kilo huɗu da rabi cikin kwana goma sha takwas a ce a rubuta kawai.

Talata, 8 ga Oktoba, 5:50 na yamma

Yau ya ci komai. Koko da safe, tuwon dawa da rana, wake da yamma, har ya suɗe kwano. Ban canza masa komai ba. Maganin jiya ne na yau.

Laraba, 9 ga Oktoba, 1:30 na rana

Ya ƙi. Ya juya fuska bango har aka ɗauke kwano.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 3:05 na yamma

Na fara zargin abincin. Na shiga madafa na ce wa Indo mai girki ta zuba mini daga tukunyar ɗakin ciki. Tukunya ɗaya ce da ta kowa, na gani da idona. Na ci loma uku a tsaye.

"Ɗan nan, guba ka ka nema?" in ji ta. "Shekara sha ɗaya ina tuƙa tuwon nan, ban kashe kowa ba tukuna. In ka ƙoshi wanke cokalin."

Na ce Bappa Manu ne ba ya ci.

Ta ci gaba da kwashe tuwo, ba ta ce komai ba. Indo ba mace ce mai shiru ba. Na lura da wannan.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 4:10 na yamma

Da safe ya ƙi, da rana ya ci, da yamma ban san abin da zai yi ba. Ina tsammanin zai ƙi.

Litinin, 14 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Kilo 52 da rabi.

Bayan awo na zauna kusa da shi. Mun gaisa sosai, ya tambayi gida, ya tambayi mahaifina da ya ji mahauci ne, har ya san layin da yake tsayawa a kasuwar shanu. Sai ya ɗaga kai ya dubi tagar.

"Ruwa sun ɗauke ko?"

Na ce kwana tara ke nan ba a yi ba.

"To dawa ta kusa. An fara yankan shinkafa wajen Bakura?"

Na ce ban sani ba. Ya yi murmushi, ya ce ɗan birni. Ya roƙe ni abu ɗaya, in da hali a bar shi ya taka ƙasa, ko minti biyar, domin simintin nan yana sa masa sanyi a ƙafa. Na ce zan tambaya. Na tambaya, an ce doka.

Mutumin da ya san watan da dawa ke nuna daga hasken taga, shi ne fayil ya ce ba ya gane iyalinsa. Na buɗe fayil ɗin. Na ga shafin 19 ga Satumba, na wuce.

Laraba, 16 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Na ja layi a takarda, na jera kowane abinci tun 27 ga Satumba, ranar da aka mayar da shi ɗakin ciki. Ranakun da ya ci: Talata uku, duka safe, rana da yamma. Juma'a uku, rana kawai. Sauran duka ya ƙi.

Na gwada da magani, bai dace ba. Na gwada da irin abincin, bai dace ba. Na gwada da wanda ke gadin ƙofa, ya dace ɗaya bayan ɗaya. Nagode ne mai gadin ɗakin ciki daga bakwai na safe zuwa shida na yamma. Talata ce ranar hutunsa, yana zuwa kasuwa. Juma'a da rana yana tafiya masallaci wani ya riƙe masa.

In Nagode yana nan, Bappa ba ya ci.

Yau na sa wa Nagode ido. Ɗan Birnin Tudu ne, zai yi shekara talatin da biyar, ba ya yawan magana. Idan zai shiga ɗakin ciki yana cire takalminsa a bakin ƙofa, ba mai gadin da ke yin haka. Yana ajiye kwanon Bappa ba tare da ya dube shi ba, ya koma ƙofa ya tsuguna. Mai cire takalmi ba ya son a ji tafiyarsa. Me ya faɗa wa tsohon nan? Me yake yi masa bayan na tashi?

Na duba jikin Bappa da sunan awon jini. Ba tabo, ba kumburi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 2:00 na rana

Na tambaye shi a hankali ko wani yana takura masa. Ya ce, "Babu ko ɗaya, Malam. Kowa na da kirki." Nagode yana tsugune a ƙofa, kansa a ƙasa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 7:40 na yamma

Ranar ziyara. Wata mata da goyo ta zo wurin Bappa, ta rubuta suna Hindatu, 'yarsa. Ta kawo fura da nono a ƙwarya. Nagode ne ya bincika ƙwaryar, bai gaishe ta ba, ba ta gaishe shi ba. An ba su minti goma sha biyar ta bayan ƙarfe. Bappa bai taɓa furar ba. Ta fita tana goge ido da gefen mayafi.

Da shida saura na fita neman abin hawa. Bayan katanga, wajen mai faci, na ga Hindatu a zaune. Na tsaya nesa. Shida da minti goma Nagode ya fito da babur, ya wuce ƙofar asibiti, ya tsaya gabanta. Ya karɓi jaririn ya riƙe har ta hau. Suka kama hanyar Bakura.

Litinin, 21 ga Oktoba, 3:20 na yamma

Kilo 51.

Na koma madafa na faɗa wa Indo abin da na gani. Ta rufe ƙofa da ƙafa.

"Sai yau? Mijinta na. Surukin tsohon na."

Na ce to don me ba ya ci?

Ta dube ni har na ji kunya. "Kai a makarantar taku an cire muku abin da aka haife ku da shi? Bafillace ya buɗe baki ya sa loma gaban mijin ɗiya tai? Gara yunwa ta kashe shi. Ko ruwa ba ya sha sai yaron ya juya."

Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa?

"A hwaɗi a kori Nagode? Doka ta ce dangin marar lafiya ba ya aiki a sashe. 'Ya'ya huɗu gare shi. Kai dai ka kama bakinka, ka ji na gaya maka."

Na tambaye ta ko Malam Ɗan Juma ya sani. Ta ce in tafi, wake zai ƙone.

Ƙarfe 7:45 na yamma, a gida

Inna tana raba tuwo, ta ce, "Kai wa wancan nasa." Yayana Zaharadeen take nufi. Shekara talatin da ɗaya bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, don shi ne ɗan fari. Na san wannan tun kafin in san karatu.

Tambaya ta shida a takardar gwajin hankali ita ce, faɗi sunan babban ɗanka. Ranar 19 ga Satumba, kwana huɗu da fara aikina, na yi wa Bappa Manu wannan tambayar sau uku. Sau uku ya sunkuyar da kai. Ni na rubuta ba ya gane iyalinsa. Da shafin nan Dakta ta ƙara masa magani ta ce a kai shi ɗakin ciki.

Ban ci tuwon ba.

Talata, 22 ga Oktoba, 12:10 na rana

Na duba jadawalin masu gadi, ina neman wanda ya kai Nagode ɗakin ciki da gangan, da ranar da aka kai shi. Tun watan Yuli yake can. Shi ba a matsar da shi ba, Bappa aka kai masa.

Laraba, 23 ga Oktoba, 4:50 na yamma

Da ƙarfe ɗaya na aiki Nagode ɗakin magani ya karɓo mini auduga da ba na bukata. Na tsaya a ƙofa na juya baya. Cikin minti shida Bappa ya ci rabin kwano, ina jin ƙarar hannunsa.

Malam Ɗan Juma ya zo wucewa ya ga ƙofa ba mai gadi. Ya kira ni ofis.

"Wa ya ba ka iko? Bara wani ya shaƙe kansa da ƙashin kifi a ɗakin nan. In ya sake faruwa sunanka za a rubuta ko nawa?"

Na ce a canza Nagode da mai gadin babban ɗaki kawai.

"Kan wane dalili? Jadawali ofis ka yin shi, sai da dalili a rubuce. Kana da dalili, Malam Takarda? Rubuto."

Ya dube ni yana jira. Ban gane ba ko gargaɗi yake mini ko tarko. Sannan ya jawo wata takarda ya nuna mini. An riga an cike ta, saura sa hannun Dakta: a kai Bappa babban asibiti, a sa masa robar abinci ta hanci. Na tambayi Indo game da waɗanda aka kai can. Ta ce tana tuna biyar, ɗaya ya dawo.

Saura kwana takwas Dakta ta zo.

Juma'a, 25 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Na tare Nagode bayan masallaci. Na ce na sani.

Ya dafa babur ɗinsa. "Malam Kamilu, kana ganin ba ni jin zafi? Ni ka kai mai kwano in ga an maido shi cike. In na je gida ita ma ta ƙi ci."

Na ce ya nemi a canza shi.

"Na nema. Sau biyu na je wurin Oga."

Na ce Malam Ɗan Juma ya ce ba wanda ya nema.

"To shi ya hi ni gaskiya." Ya tada babur. "Don Allah ka bari likita ta zo ta tahi. Mu san yadda za mu yi."

Ban san wa da wa yake nufi da mu ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Na sa dabino bakwai a ƙarƙashin tabarmar Bappa kafin in tashi. An gano su a binciken yamma. An tara marasa lafiya ana tambaya wa ya shigo da su. Ban ce ni ne ba. An hana babban ɗaki rediyo kwana uku.

Litinin, 28 ga Oktoba, 4:25 na yamma

Kilo 50. Da zai sauka daga sikeli sai da na riƙe shi. Ya yi sallar azahar a zaune.

Da safe na ga buhun gero biyu a bayan motar Malam Ɗan Juma. Mai faci ya ce Nagode ne ya kawo su jiya, daga wajen Tsibiri. Bappa yana da gona a Tsibiri. Babban ɗansa, Mas'udu, fayil ya ce shi ke kula da ita, kuma bai taɓa zuwa ziyara ba. Wataƙila hanya ce ta hana shi, kowa ya san hanyar da 'yan bindiga. Wataƙila gero ne kawai, ana kaka, kowa yana ba kowa gero. Ni ma an kawo wa Baba.

Amma buhu biyu.

Laraba, 30 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Zan faɗi nawa laifin kawai. Na Nagode ba nawa ba ne.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Dakta Taibatu ta iso sha ɗaya da kwata. An shigo da Bappa sha biyu da rabi, ni da Malam Ɗan Juma muna tsaye, Nagode a bakin ƙofa. Ta karanta awon nauyi, ta jawo takardar tura shi, ta cire murfin biro.

Na ce, "Ranki ya daɗe, shafin 19 ga Satumba kuskure ne. Ni na yi shi." Na yi bayani.

Ta ajiye biro. Ta gaishe da Bappa da Fulatanci, ya amsa. Ta ce, "Bappa, bar babban. Su wa ke bin sa?"

Ya jero shida, kowa da shekarar da aka haife shi, wannan shekarar fari, wancan shekarar da ruwa ya ci gada. Ta ce, "Mas'udu fa, yana lafiya?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Yaron can yana gona."

Ta juyo kaina. "Kai Bahaushen ina ne?" Ta ja layi biyu a kan rubutuna ta sa hannu. Na ɗauka an gama.

"To wannan ya fita," in ji ta. "Amma mutum ya zubar da kilo takwas. Wannan ba kunyar ɗan fari ba ce. In ba wanda zai gaya mini dalili, dole in tura shi."

Ta dubi Malam Ɗan Juma. Ya ce ciwo ne. Ta dubi Bappa. Ya ce ba ya jin yunwa. Ta sake ɗaukar biro.

Na ciro takardata mai layi na ajiye gabanta. Na ce Talata yake ci, da Juma'a da rana. Na faɗi wanda ba ya nan a lokutan. Na faɗi cewa mijin 'yarsa ne.

Bappa ya ja gefen rigarsa ya rufe fuska. Da na waiwaya, Nagode ba ya ƙofa, takalminsa ne kawai.

Dakta ta yaga takardar turawa. Ta rage magani, ta ce a mayar da shi babban ɗaki yau, a bar shi ya ci abincinsa inda yake so. Ta ce maganar mai gadi ba tata ba ce, amma dole ta rubuta abin da ta ji.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2:40 na rana

An sallami Nagode daga aiki da safe. Indo ta zuba mini abinci ta juya mini baya. Malam Ɗan Juma ya kira ni Kamilu, karo na farko.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 4:35 na yamma

Kilo 51 da rabi. Yana cin abinci a bayan dogonyaro, shi kaɗai. Ya cire takalmin da aka maido masa yana tafiya a ƙasa, ya cire ciyawar da ke gindin katanga tas.

Jiya Lahadi ba wanda ya zo masa.

Bayan awo na tsuguna na ba shi haƙuri, na ce ni na jawo masa wata guda a ɗakin ciki. Ya ce wannan ba komai, yaro na kuskure. Ya kaɗe ƙasa daga yatsunsa.

"Malam, ni tsoho na. Da na kai ƙarshen wata biyu ma, da na kai. Ka sa na ci, na gode. Yanzu su huɗu da uwarsu, a gaban wa za su ci?"

Na ce da an tafi da shi, wataƙila da bai dawo ba.

Ya ce, "Allah shi saka," ya tashi ya koma gindin katanga.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Ko Nagode ya nemi canji sau biyu, kamar yadda ya ce.

Ko Malam Ɗan Juma rufa wa Nagode asiri yake, ko jira yake a tafi da tsohon.

Geron nan daga gonar wa ya fito, kuma na mene ne.

Dalilin da Mas'udu bai taɓa zuwa ba.

Mutum nawa aka yi wa tambaya ta shida kafin zuwana, kuma me aka rubuta musu. Biyun da suka rage a ɗakin ciki, ban buɗe fayil ɗinsu ba tukuna.

Ranar da za a sallami Bappa. Dakta ta ce wataƙila ƙarshen Nuwamba, in wani daga danginsa ya zo ya sa hannu ya karɓe shi.

Wanda zai zo.